Injin Yaya Mahbuba Ya Shiga Kasafin Kuɗi

Yau na tura babur da ƙirjina a kan hanyar Buji, tafiyar da na tabbata ta isa mutum ya yi sallar ƙasaru. Yayata Mahbuba tana biye da ni a ƙasa, takalminta a hannu. Mai ne ya ƙare mana. Da safe na tsaya a layin gidan mai har rana ta fara cizo, da aka kusa zuwa kaina sai mai famfo ya rataye tiyo ya ce an ɗauke wuta. Na koma wajen ɗan bumburutu na sayi kwalba biyu, ya rantse mini da girman Allah tsantsar fetur ne. To, ban ce ya yi ƙarya ba, amma babur ɗina bai taɓa tari irin na yau ba, kuma bai daɗe yana tarin ba ya yi shiru.

Za ku ce me ya kai tela irina, mai shago a unguwar Takur cikin Dutse, ƙauyen da ke bayan Buji da tsakar damina, da dattijuwa a bayan babur? Kasafin kuɗin ƙasa ne ya kai ni. Ku yi haƙuri ku ji.

Kun san dai kowace shekara manyanmu na can sama, Allah ya ƙara musu lafiya da faɗin kujera, sukan haifi kasafin kuɗi su raɗa masa suna. Ba a yanka rago, ba a raba goro, amma sunan kan yi daɗi. Na bana, in ji rediyo, an gina shi ne a kan abubuwa biyu: farfaɗo da tattalin arziki da walwalar talaka. Ranar da aka karanta shi ina zaune da maƙwabcina Malam Falalu, tsohon malamin firamare da ya yi ritaya, wanda rediyo ba ta barin kunnensa sai zai yi alwala. Ya ce, “Gwadabe, ka ji an ware wa talaka tiriliyan?”

Na ce, “Malam, nawa ne tiriliyan?”

Ya ce, “Na koyar da lissafi har gashina ya yi fari, allon ajinmu bai taɓa ɗaukar sifirinsa ba.”

Daga baya ne ya bi mini bayanin dalla-dalla. Kafin talaka ya farfaɗo, dole masu farfaɗo da shi su sami sababbin motocin da za su zo inda ya suma. Dole a sake wa ofisoshinsu fenti, domin ba a tunanin talaka a ɗaki mai datti. Dole a kafa kwamitin da zai binciko ko yunwa na nan da gaske, a kuma ciyar da kwamitin, saboda mai jin yunwa ba ya iya bincike. Ni dai na yaba. Wanda ya tsara wannan abu ya san aikinsa, kuma in na gan shi zan ɗinka masa hula kyauta.

A ƙarshen bayanin ne aka zo kan namu rabon: za a raba wa zawarawa da iyayen marayu kayan sana'a, su tsaya da ƙafarsu.

Yaya Mahbuba ba ta jira kowa ya tsayar da ita ba. Tun da mijinta ya rasu ta fita takaba, ta sayar da 'yan kunnenta da gadon ƙarfenta ta sayi injin markaɗe. A zauren gidanmu aka kafa shi. Duk mai ƙosai da mai alale da mai awara a layinmu nan take kawo ƙullunta, ga masu tattasai da attaruhu da hantsi. Da injin nan ta aurar da 'ya'yanta mata biyu, da shi take riƙe jikokin da babban ɗanta ya rasu ya bar mata. Ba ta taɓa miƙa mini hannu ba, ni ne ma nake shiga wajenta da 'yar murya idan ɗinki ya yi ƙasa. Injin ya tsufa, fentinsa ya kaɗe, kuma yana da wani hali: sai ya yi tari biyu ya yi kamar zai mutu, sannan ya kama. Ko ina masallaci na ji tarin nan na san Yaya ta fara aiki.

Sati uku da suka wuce sai ga Muntaka ya yi sallama. Muntaka ɗan unguwarmu ne, a gabanmu ya girma. Ba wanda ya san takamaimai sana'arsa, amma duk taron da aka yi a Dutse, in ka duba bayan rumfa za ka gan shi da waya biyu yana gumi. Ya durƙusa har ƙasa ya gaida Yaya, ya tambayi jikoki ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce aron injin ya zo nema, na wuni ɗaya.

Yaya ta ce, “Biki ake yi?”

Ya ce, “Bikin gwamnati ne, Inna. Babban baƙo zai zo ƙaddamar da rabon injina. To, injinan suna hanya, ba a saki kuɗinsu ba tukuna, shi kuma baƙo ba ya jira. Za mu jera naku na unguwa, a yi musu fenti, a ɗauki hoto, da yamma kowa ya karɓi abinsa. Har da ɗan abin goro. Kin ga kin sami fenti kyauta.”

Na ce, “Su waye za a ba?”

Ya yi dariya kamar na tambayi wace ce uwar amarya. Ya ce akwai matansu na musamman, waɗanda suka san aikin. Mace ta karɓa, ta yi murmushi, ta ɗan share hawaye in ta iya, sai ta zaga bayan rumfa ta ajiye, a sallame ta. Wata a cikinsu, in ji shi, ta karɓi keken ɗinki da injin taliya da firji duk a shekara ɗaya, kuma har yau ɗakinta ba ko wuta.

Yaya ta dubi injin. Ranar ba ta da kuɗin mai, ga ƙaramin jikanta yana fama da zazzaɓi. Ta ce, “Muntaka, da la'asar fa.” Ya ce kafin la'asar ma.

Na je taron da ƙafata, domin in ga injinmu a gaban manya. Wallahi da ƙyar na gane shi. An shafe shi da koren fenti, an naɗe shi da leda, an ɗaura masa jan ƙyalle kamar ango. Ga 'yan'uwansa a jere, na gane na Gidan Mai Koko da na wata mata a bakin kasuwa, kowanne yana ƙyalli. Maroƙa suna ta aiki, lasifika tana ihu, mu talakawan da aka yi abin dominmu muna tsaye a rana bayan igiya. Can sai jiniya. Ranka-ya-daɗe Garkuwan Zawarawa, Inuwar Marayu, Sarkin Yanka Ƙyalle, ya sauko daga motar da ƙofarta kaɗai za ta sayi injinan nan gaba ɗaya. Ya yi jawabi mai ratsa jiki. Ya ce shi ma ɗan talaka ne, da idonsa ya ga mahaifiyarsa tana daka. Na kusa yin kuka, sai na tuna ban karya ba, kada in ɓarnatar da ruwan jikina.

A nan ne aka sami tangarɗa. Ɗaya daga cikin matan hayar Muntaka ba ta zo ba, ashe wani taron ya riga shi ɗaukarta. Layi ya zama da giɓi, ga baƙo ya fara miƙawa. Muntaka ya waiga a gigice, ya hango wata mata a bakin igiya da farantin dafaffiyar gyaɗa a ka, hijabinta ya koɗe, silifas ɗinta wari da wari. Ya fizgo ta ya cusa a layi. A cikin sauri ya manta bai gaya mata dokar bayan rumfa ba.

Sunanta Bilki. Da aka zo kanta, injin Yaya ne ya faɗo mata. Sauran matan sun yi murmushinsu na aiki sun wuce. Ita kuwa ta dubi injin, ta dubi baƙo, ta ce, “Nawa? Ni?” Sai ta zube ƙasa ta fashe da kuka, irin kukan da ba a koya wa mutum. Gyaɗa ta watse. Masu hoto suka yi caa a kanta. Ranka-ya-daɗe, wanda na tabbata ya shekara da shekaru yana rabon kaya bai taɓa ganin wanda ya yi murnar gaske ba, jikinsa ya yi sanyi. Ya cire tabarau ya share ido. Ya ɗaga hannu ya ce a kawo a-kori-kura daga cikin ayarinsa, a ɗora injin, a kai baiwar Allah nan har ƙofar gidanta, yanzu-yanzu, yana kallo.

Aka yi tafi. Ni ma na tafa, domin ɗan sandan da ke kusa da ni yana tafawa. Ina ji ina gani aka ɗaga injin Yaya aka saka a mota, Bilki ta hau ta rungume shi, suka bi hanya. Na nemi Muntaka a bayan rumfa, na tarar ya dafe kai da wayoyinsa biyu.

Ban taɓa jin nauyin shiga gidanmu irin na ranar ba. Yaya tana zaune a zaure ta share wurin injin, ta yayyafa ruwa. Da na gaya mata ba ta yi salati da ƙarfi ba, ba ta zagi kowa ba. Ta ce, “Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ni na karɓi goronsu.” Ta tashi ta shiga ɗaki.

Washegari masu ƙullu suka zo suka koma da bokitansu. Jibi ma haka. Kafin sati ya zagayo sun sami wani injin a layin baya, kuma ban ga laifinsu ba, ƙosai ba ya jiran shari'a. Muntaka kullum maganarsa ɗaya: ɗan kwangila ya ce a yi haƙuri, da an saki kuɗi injin farko na Inna ne. Malam Falalu ya ce mu je ofishin masu shirin. Muka je, muka zauna a benci har aka yi azahar, sannan wani ƙaramin mai girma ya gan mu. Ya saurare ni da kyau, yana juya makullin mota a yatsa. Ya ce, “Malam, hukuma ba ta taɓa hayar inji ba. Duk injinan da aka raba sababbi ne fil. In ka ce wannan naku ne, to kana nufin Ranka-ya-daɗe ya yi kyauta da kayan mutane ke nan. Haka kake son in rubuta, da sunanka a ƙasa?”

Na dubi Malam Falalu, na ga yana karanta kalandar bango da matuƙar sha'awa. Na ce, “A'a, ranka ya daɗe, gaisuwa muka zo.” Ya ce ya gode, a gaida gida.

Shi ya sa jiya da daddare Yaya ta ce in nemi mai, da kanta za ta je ta karɓo abinta. Direban a-kori-kurar ya kwatanta wa Muntaka garin. Na ce mata in an ƙi ba mu da arziki sai mu je wajen mai gari, ga shaidu, ga tabon walda a ƙafar injin da kowa a layinmu ya sani. Ta ce ba sai an kai ga haka ba, mace ce 'yar'uwarta, za ta fahimta.

Ba mu tambayi gidan ba. Tun daga bakin gari, muna ratsa gonakin gero, na ji tari biyu, sannan shiru. Yaya ta damƙe kafaɗata.

A ƙarƙashin wata bishiyar maina aka kafa shi, an yi masa 'yar rumfar zana. Jan ƙyallen nan har yanzu yana ɗaure a wuyansa. Mata sun kewaye shi da ƙore da bokitai, Bilki tana ta jan igiya, gumi ya jiƙa ta, injin ya ƙi kamawa. Da ta gan mu, ni da wankakkiyar shadda, Yaya da mayafinta na unguwa, sai ta saki igiyar ta rugo. Ta ɗauka daga hukuma muke, an turo mu duba lafiyar kyauta. Kafin mu buɗe baki an shimfiɗa tabarma, an kawo ruwa, an aika a damo fura.

Ta durƙusa gaban Yaya ta ce, “Hajiya, sannunku da hanya. Ku gaya wa Ranka-ya-daɗe, don Allah ku gaya masa. Ni ban san shi ba, bai san ni ba. Garin nan kaf ba inji, sai mu kai Buji ko mu kwana muna daka. Yarana huɗu, ubansu ya tafi ci-rani shekara uku ke nan, ko wasiƙa. Na cire babbar daga makaranta tana tayani tallan gyaɗa, yanzu na mayar da ita. Tunkiyata ɗaya na sayar na sayi mai da bel. Ko liman ya sa shi a addu'a ranar Juma'a.”

Wata tsohuwa daga cikin masu jira ta ɗaga tafin hannunta ta nuna mana kantar da taɓarya ta yi masa. Ta ce, “Ku duba, 'yan nan, ya fara laushi.”

Na gyara murya. Na shirya jawabina tun a hanya, har da inda zan kawo ayar amana. Na ce, “To, Malama Bilki, dama abin da ya kawo mu...” Yaya ta taka mini ƙafa, takun da tun ina yaro na san ma'anarsa.

Bilki ta ce, “Sai dai Hajiya, tun jiya yake mini gardama. Sabon abu, ban san halinsa ba. Ina tsoron kada a ce na lalata kayan gwamnati a karɓe.”

Yaya ta miƙe. Ta ɗaure mayafinta a ƙugu, ta je ta tsaya a kan injin. Ta ɗan daɗe tana kallonsa. Ta kwance jan ƙyallen ta ajiye gefe, ta ce yana hana shi shan iska. Ta cire fulogi ta goge da bakin zaninta, ta hura, ta mayar. Ta ce, “Zo nan, 'yata. Ba a fizgarsa da fushi. Ki ja a hankali har ki ji ya yi nauyi, sannan ki fizga. In ya yi tari biyu kada ki taɓa shi, ki bar shi, zai kama da kansa. Kada ki zuba masa wake yana sanyi. Ranar Juma'a ki hutar da shi, ya tsu...” Ta tsaya. Ta ce, “Sababbin nan ba su da ƙwari.”

Bilki ta ja, ta fizga. Tari biyu, sannan ya kama. Mata suka ɗau guɗa. Ni kuwa na juya baya ina duba tayar babur ɗina, wadda ba abin da ya same ta.

Mun sha furar, domin ƙin sha zai zama wulaƙanci. Da za mu tafi Bilki ta ƙulla wa Yaya gyaɗa a leda, ta bi mu har bakin gona tana cewa a gaida Ranka-ya-daɗe, a ce masa Allah ya raba shi da talauci. Yaya ta ce, “Ai ya raba shi. Amma zai ji.”

Sai da mai ya ƙare, na sauka ina turi, sannan na kasa haƙuri. Na ce, “Yaya, kara ce za ta ciyar da yaran nan? Haƙƙinki ne fa. Kin bar shi ke nan?”

Ta ci gaba da tafiyarta. Can ta ce, “Gwadabe, da a hannun wanda ya ba ta zan karɓa, da na karɓa ko da kokawa. Amma a hannunta? In ce mata me, a gaban matan garinsu? Ki cire yarinyar daga makaranta, kuskure aka yi?” Ta share fuska da mayafi. “Ban bar shi don ina da hali ba. Bakina ne ya ƙi buɗewa.”

Raina ya ɓaci, kuma har yanzu da nake rubutun nan a ɓace yake. Ba da Bilki nake fushi ba, ba kuma da Yaya ba. Na rasa ma wanda zan kama, domin duk wanda na nufa sai in tarar hannunsa a wanke.

Mun iso Takur bayan la'asar, wani mai motar itace ne ya ji tausayinmu ya ɗora mu da babur ɗin. A zaure muka tarar da Muntaka yana jira, a daidai wurin da injin yake zama. Ya durƙusa. Ya ce kuɗi dai har yau ba a saki ba, amma ya zo da albishir: shirin ya yi nasara ƙwarai, hoton Bilki ya kai har can sama, an amince a shiga zagaye na biyu ranar Alhamis a Taura. Ya ce ya yi wa Inna hanya. Akwai gurbi ɗaya a layin masu karɓa. Ta riƙe inji, a ɗauki hoto, ta zaga bayan rumfa ta ajiye, a sallame ta da abin cefanen kwana biyu.

Na miƙe zan kama wuyan rigarsa. Yaya ta ɗaga mini hannu.

Ta ce, “Injin da zan riƙe, na wace ce?”

Muntaka ya sunkuyar da kai yana wasa da wayarsa. Daga cikin gida muna jin ƙaramin jikan yana tambaya ko an dawo da tuwo. Yaya ta saurara, ta dubi ledar gyaɗar da ke hannunta. Matar da ban taɓa ganin ta tsaya a layin sadaka ba, ko na zakka, ta ce, “Ƙarfe nawa motar za ta tashi?”

Saboda haka jama'a, in kun kunna talabijin ranar Alhamis kun ga wata dattijuwa doguwa riƙe da koren inji ba ta murmushi, kada ku ce 'yar haya ce. Talaka ce ta gaske, sabuwa fil, kuma shirin ne ya ƙera ta da hannunsa, a nan cikin gida, ba tare da an shigo da komai daga waje ba. Masu cewa kasafin bana bai samar da komai ba, sai su ji tsoron Allah.